Ɓera ba ya haihuwa da yunwa

Har yanzu in na ji ƙamshin tumu a wuta, sai gonarmu ta ƙasar Gumel ta faɗo mini a rai, da 'yan ramukan nan da ke bin gindin kunya. Muna yara mun ɗauka ɓeraye tare da ruwan marka suke saukowa, don da rani sai ka yini a gona ba ka ga ko ɗaya ba. Baffa ne ya raba mu da wannan tunani. Ana cikin kaka ya ɗaga damin gero, sai ga sheƙar ciyawa, 'ya'ya jajaye sun kai goma, ko ido ba su buɗe ba. Ya ce, "Ku ƙirga, yara. Uwar nan ta ƙoshi ne. Ɓera ba ya haihuwa da yunwa."

Gaskiyarsa kuwa. Daga bazara zuwa farkon damina lallaɓawa kawai suke yi da saiwa da ƙwari. Da ciyawa ta yi 'ya'ya, gero ya yi ido, sai haihuwa ta kankama. Cikin ɓera mako uku ne da 'yan kwanaki, 'ya'yan kuma kafin wata uku sun isa haihuwa. Damina in ta yi tsawo, sai jikoki su riski kaka a rumbu ɗaya.

Mun ga haka ƙuru-ƙuru bayan farin 1984. Ruwa ya dawo, daji ya yi kore, a 1986 sai ɓera ya cika ƙasa, har Nijar da Chadi. Ka yi shuka da yamma, da safe ka tarar an tone ramukan ɗaya bayan ɗaya. Sau uku muka sake iri.

Mu dai gafiya ce abin sonmu. Da hunturu mu tura hayaƙin kara a raminta, kare na jira a ɗaya ƙofar, ta fito kumatu cike da gyaɗar Inna, ba ta yarda ta zubar da ko ƙwaya ba. Ashe masu cewa "gafiya tsira da na bakinki" sun taɓa tsayawa bakin ramin.

Yanzu jikokina ba a barin su taɓa ɓera saboda zazzaɓin Lassa, kuma ban ga laifin iyayensu ba. Tsamiyar da mujiya ke kwana tana yi mana gadin rumbu an sare ta, sai guba ake sayowa ranar kasuwa. Bara da na je gida da kaka, na ɗaga dami ni kaɗai, na ƙirga 'ya'yan ɓera tara.