Gwanjon da ba na talaka ba

A wurinmu in an ce gwanjo, hankali yakan tafi ga tulin riguna da wanduna da ake bajewa ƙasa ranar kasuwa, kowa ya duƙa ya zaɓi na dala ashirin. Gwanjo abin mai ƙaramin ƙarfi ne. Shi ya sa na daɗe ina juya labarin wata tsohuwar mota da anka yi gwanjonta a Ingila a watan Yunin 2014, aka sayar da ita kan fam miliyan 10 da dubu ɗari bakwai da ɗoriya. In an maida shi kuɗinmu na wancan lokaci, ya haura miliyar 8 na sefa. Mota guda, mai kujera biyu, ko buhun hatsi ba ta ɗauka.

Sunanta Ferrari 375 Plus, ƙirar Italiya ta 1954. Biyar kacal aka ƙera don tsere, kuma ɗaya daga cikin ƴan uwanta ce ta ci gasar awa 24 ta Le Mans, a Faransa, a wannan shekara. Da tauraronta ya dushe, wani Ba'amurke mai suna Karl Kleptz ya saye ta a 1958 kan dalar Amurka 2,500, ya aje ta a filinsa a Cincinnati, jihar Ohio. Kusan shekara talatin tana nan, rana ta duka, ruwa ya duka. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ɓarayi sunka ɗauke ta, amma sun bar wasu sassan jikinta wurin mai ita. Daga hannu zuwa hannu sai ga ta a Beljiyam, inda Jacques Swaters, tsohon direban tsere kuma dillalin Ferrari, ya saya ya gyara ta tsaf.

Nan rigima ta tashi. Swaters ya ce ya biya Kleptz kuɗi an kashe magana. Iyalin Kleptz sunka ce sa hannun da ke kan takardar na jabu ne. Tsofaffin biyu duk sun mutu ba a gama ba, ƴaƴansu mata sunka gaji shari'ar kamar yadda ake gadon rikicin gona. Kamfanin Bonhams ya shirya gwanjo a Goodwood bisa cewa an daidaita. Attajirin da ya saya, Les Wexner, da ya ga masu cewa tasu ce ba su ƙare ba, har da wani daga Faragwai, sai ya kai ƙara kotu a Landan yana neman kuɗinsa. Sai a 2016 aka sasanta, motar ta zama tasa.

To me ya haɗa ɗan Dakoro da wannan? Kawuna dillalin dabbobi ne, kuma na yi hutu biyu ina riƙe masa igiya a kasuwa. Abin da na lura, ba ya fara duba haƙoran sa ko ƙibarsa. Tambayarsa ta fari ita ce: “Wa ya kawo shi? Wa ya san ka?” Sannan ya zagaya ya dubi tsagar kunne da shaidar wuta da ke jikin dabbar. Na taɓa ganin ya ƙi wata raƙuma da aka yi mata kuɗi ƙasa da rabin darajarta. Na ce: “Kawu, wannan ai riba ce a fili.” Ya ce: “Yaro, la'adata ta yau ce, amma sunana ne za a kira gaban sarki ranar da mai ita ya gane ta.” Aikin dillali ke nan: shi ne mai tsayawa ya ce wannan kaya da asalinsa. Bonhams ma dillali ne, sai dai ya sa kwat. Kuma ƙarar da aka kai shi, irin wadda kawuna ke gudu ce.

Akwai abu na biyu da ya fi ba ni mamaki. Motocin da ke ɗaukarmu daga nan zuwa Maraɗi ko zuwa ƙauyukan arewa, wace ce cikinsu ke da jikinta na asali? Injin na wata ne, ƙofa ta wata, gilashi an samo shi a garejin wani. Ba mai damuwa, in dai ta tashi ta kai mu. A shinge jandarma lamba ɗaya yake dubawa, wadda aka buga a ƙashin mota, ya gwada da ta kartigiris. Ferrarin nan ma haka: an sake mata jiki, tsofaffin ƙarafunanta sun daɗe can wata nahiya, amma lambar ƙashinta, 0384, ita ce mutane ke wa ciniki. Ba ƙarfe Wexner ya saya ba. Labari ya saya: wa ya tuƙa ta, ina ta yi tsere, ta hannun wa da wa ta biyo. Da aka sami ɓaraka guda a cikin labarin, miliyoyin duka sunka kasa toshe ta har shekara biyu.

Ina rubuta wannan ne saboda mu. Da yawa cikinmu burinsu su tara ɗan abin da sunka samu a rani su sayi babur su yi kabu-kabu, ko su sayi waya. Kullum kuma akwai mai zuwa da rangwame: babur ya tsallako iyaka, ba takardar duwan, ba rasit, “ai na ɗan uwana ne.” Attajirin Amurka yana da lauyoyin da za su yi masa shekara biyu a kotun Landan. Kai da ni, in mai kaya ya gane abinsa a tasha, babur ya tafi, kuɗi sun tafi, wataƙila ma a kwana a rufe kafin dangi su zo. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma ranar nan sau da yawa ba ɓarawon take tararwa ba, wanda ya saya na ƙarshe take tararwa.

Don haka kafin ka ce “nawa ne”, ka ce “na wa ne”, kuma a kawo shaidu biyu da gari ya sani.