Shirun Hanyoyin Swaledale

A arewacin Ingila, cikin yankin Yorkshire, akwai wata siririyar hanya da ke tasowa daga garin Hawes, ta haura tsauni, ta gangara zuwa ƙauyen Thwaite a kwarin Swaledale. Sunanta Buttertubs, wato mazuban man shanu. Ta samo sunan ne daga waɗansu ramuka da ruwa ya ƙwaƙule cikin dutsen farar ƙasa a gefenta, masu zurfin da ya kai kusan mita 20. Mutanen wurin sukan ce manoman dā, a kan hanyarsu ta cin kasuwar Hawes, sukan zura man shanunsu ciki don kada ya narke.

Mai keken da ya nufi wannan hanya zai fara sanin halinta tun kafin gidajen ƙarshe su ɓace masa. Hawan ba shi da sassauci. Yakan miƙe tsaye har mutum ya tashi daga sirdi ya tsaya bisa feda, ya ɗan kwanta kamar ya ƙare, sa'annan ya sake miƙewa. A ƙololuwarsa, wajen mita 526 sama da teku, ba bishiya ba gida, sai ciyawa da iska da tumaki masu baƙar fuska da murɗaɗɗen ƙaho. Ta nan gasar keke ta Faransa ta ratsa ranar 5 ga Yuli, 2014, sa'ad da aka soma ta daga birnin Leeds. Bajamushen nan Jens Voigt ne ya fara kaiwa sama, cikin taron jama'ar da ya kusan toshe hanyar. Tun daga lokacin sunanta ya shiga bakin masu keke na ƙasashe da yawa.

Amma taro ba ɗabi'ar wurin ba ce. Abin da ke jawo mahaya zuwa Swaledale shi ne shiru. Daga Thwaite hanya takan bi kogin Swale ta Muker da Gunnerside har Reeth, tana lanƙwasa tsakanin katangu biyu na dutse, kamar burtalin da aka malala wa kwalta. A wurare da dama, in motoci biyu suka haɗu, sai ɗaya ta raɓe. Mutum kan yi tafiya mai nisa ba ya jin komai sai ƙarar taya da kukan ƴan raguna. Sunayen ƙauyukan ma tsofaffi ne, daga harshen mutanen Sikandinebiya da suka zauna a nan fiye da shekara dubu da ta wuce: Thwaite na nufin fili da aka share, Keld maɓuɓɓuga, Muker kuwa ƴar siririyar gona.

Baƙo yakan ɗauka haka Allah ya halicci kwarin, tsit, ba kowa. Tarihi bai goyi bayansa ba. A ƙarni na 18 da na 19 Swaledale wurin haƙar darma ne, cike da mahaƙa da dawakan dako da hayaƙin gidajen narka. Wajen shekarun 1880 farashin darma ya faɗi, saboda mai araha da ke shigowa daga Sifen, ramukan kuma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Iyalai suka kwashe zuwa masaƙun Lancashire da mahaƙan kwal na Durham, waɗansu har Amurka. Wanda ya ɗaga kai a Gunnerside zai hangi tabon aikin a jikin tsauni, tarin tsakuwa da kangayen gine-gine. Shirun da mai keke ke sha da daɗi, shirun kufai ne, kuma wannan ya isa ya sa mutum ya rage murya in yana wucewa.

Ko tsananin hawan da ake alfahari da shi gādo ne daga waɗancan mutane. Hanyoyin nan sawun ƙafa ne da kofato, na masu kora tumaki da masu kai kaya kasuwa, kuma mai tafiya a ƙasa ba ya kewaye tudu in zai iya ratsa shi. Injiniyan zamani zai sassaƙa tsauni ya tausasa hawa. A nan kwalta kawai aka shimfiɗa bisa abin da aka tarar. Har gawa ta bi irin wannan sawu. Kafin a keɓe maƙabarta a Muker a 1580, mutanen saman kwarin sukan ɗauki mamacinsu cikin kwando su taka da shi har cocin Grinton, tafiyar da ta haura kilomita 20.

Sauran abin da ido ke gani aikin manomi ne. Katangun nan an jera su ne dutse bisa dutse, ba laka ba siminti, kuma duk sanyin hunturu sai wani sashe ya zube, sai kuma wani ya durƙusa ya mayar. Ƙananan ɗakunan dutse da ke warwatse a filaye, kusan kowace gona da nata, an gina su ne domin shanu su yi hunturu ciki, ingiricinsu na ajiye a gefe. Yau da yawansu fanko ne, tarakta da manyan rumfuna sun karɓe aikinsu. Filayen Muker kuwa, da ke cika da furanni a watan Yuni, abincin dabbobi ne da ake jira a yanka, shi ya sa ake roƙon masu yawo su bi layi ɗaya bisa duwatsun da aka shimfiɗa.

A nan ne ɗan saɓani ke tasowa. Dokar hanya ta Birtaniya, tun gyaran 2022, ta nemi direba ya bar wa mai keke tazarar aƙalla mita 1.5 in zai wuce shi. Doka ce mai kyau, ta kuma tsare rayuka. Sai dai a hanyar da faɗinta bai fi na tarakta da kaɗan ba, ma'anarta ita ce manomin da ke sauri da kayan ingirici, hadari na haɗuwa a kansa, ya bi bayan ayarin mahaya a hankali har su ga dama su raɓe. Mai keke yana da haƙƙi a kan hanyar, ba shakka, kuma kuɗin shayinsa da na masaukinsa na cikin abin da ke riƙe da shagunan Reeth. Duk da haka, shi hutu ya kawo shi, wancan kuwa wurin aikinsa ne. Tsayawar minti ɗaya a bakin ƙofar gona ba ta rage wa mahayi komai.

Daga Reeth, mai sauran ƙarfi yakan haura tudun Grinton ya faɗa kwarin Wensleydale, ya bi ta Askrigg ya koma Hawes. A ƙarshen Yulin 2019 ambaliya ta ɗauke wata gada a wannan tudu. Bayan wata biyu, ranar tseren maza na gasar duniya, ruwan sama ya sa aka cire shi daga hanyar tsere, tare da Buttertubs.