Daga Utai zuwa kan Dala: tseren da ba a cin sa da gudu

Hunturu bai gama sakin gari ba na sauka a Utai, cikin ƙaramar hukumar Wudil ta Jihar Kano. Gaisuwar dangi ce ta kai ni, amma hirar da na tarar a teburin mai shayi ita ta sa na ƙara kwana. Wasu samari ne, yawancinsu ɗalibai masu hutu, suke gardama kan wani wasa da suka tsara wa kansu. Sukan kasu rukuni uku, mutum huɗu-huɗu, su bar gari bayan sallar asuba, su shiga birnin Kano, su bi wurare biyar da aka rubuta musu a takarda. Rukunin da ya fara cika a kan dutsen Dala shi ya ci. Wani rukunin bai cika ba, na ce in akwai wuri ina so in bi su in gani. Babbansu ya ce, “Bismilla, Kawu, amma fa akwai tafiyar ƙasa.”

Irin wannan tsere ya daɗe a wasu ƙasashe. A 1989 aka fara wanda ake kira Raid Gauloises, inda ƙungiyoyi suka yi kwanaki suna keta daji da koguna da duwatsu a ƙasar Niyu Zilan. Daga baya aka shigo da salon cikin birane, kuma shirin talabijin na Amurka mai suna The Amazing Race, wanda ya fara a 2001, ya ƙara yaɗa shi. Samarin Utai a waya suka gani. Sai dai da na tambaye su, da langa suka kwatanta mini shi: ƙarfinka kai kaɗai ba ya amfanar kowa in ba ka kula da ɗan ɓangarenku ba. Dokokin kaɗan ne. Ba a barin kowa a baya. Ba a duba taswira a waya. Kowane rukuni naira 20,000 ce a hannunsa, zuwa da dawowa da abinci. A kowane wuri kuma akwai tambayar da ba za a sami amsarta ba sai an tsaya an yi magana da mutanen wurin.

Utai gari ne na noma. Da asuba abin da za ka ji shi ne carar zakaru da karatun almajirai a gindin wutar kara, gonaki kuma an riga an girbe, sai kututturan dawa da awaki suna kiwo. Mutanen da ke kan titi a lokacin ba su fi a ƙirga ba: mai ƙosai tana hura wuta, 'yan acaɓa uku ko huɗu sun rufe fuska da rawani saboda sanyi. Wanda ya gan shi haka ba zai ce garin yana da hannu a tarihin Kano ba, alhali nan ne mazaunin Fulani Joɓawa, gidan Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a ƙasar Kano a farkon ƙarni na 19. Sarautar Makaman Kano tasu ce, Wudil kuma ita ce gundumar da aka san su da ita. Wannan ne ya sa samarin suka saka Gidan Makama a cikin takardarsu.

Babura biyu suka kai mu Wudil, naira 500 kowane kai. Ba Juma'a ba ce, don haka kasuwar shanu da garin ya yi suna da ita babu kowa sai turaku da 'yan tsirarun dillalai. A tasha muka sami mota saura mutum biyar ta cika, naira 1,200 zuwa Kano. Ɗaya rukunin ya riga mu shiga wadda ke gaba, na ukun kuwa suka tsaya cinikin wata ƙaramar mota. Da muka hau gada hazo ya kwanta a kan kogi, masu ɗiban yashi sun riga sun shiga ruwa da kwale-kwalensu a cikin wannan sanyi, masunta na jan koma a gefe. Kilomita wajen 40 ne zuwa birni. Muka wuce Garin Dau da Gano, muka ratsa Mariri inda ake sauke huhunan goro, aka sauke mu a Hotoro.

Daga nan sai adaidaita sahu. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano, saboda haka waɗannan masu ƙafa uku, rawaya, su ne ke riƙe da gari. Mu huɗu muka matsu a guda, naira 400 kowa, har Ƙofar Nasarawa, wuri na farko a takarda.

Baƙo zai iya wucewa ta Ƙofar Nasarawa bai san ya shiga birni ba. Gadar sama ta haye wurin, motoci na gudu sama da ƙasa, ƙofar kuma sabon gini ce. Tambayarmu ita ce: wane sarki ya fara ganuwa? Ɗaya daga cikin yaran ya tari wani mai tafiya ya jefa masa tambayar babu ko sallama, mutumin ya dube shi ya wuce. Sai muka nufi wani dattijo da ke zaune a kan benci yana sayar da asuwaki da hula. Muka yi sallama, muka tambayi sanyi, muka tambayi iyali, sannan aka zo kan magana. Ya ce, “Samari, Gijimasu ne, jikan Bagauda.” Haka tarihin sarakunan Kano ya nuna: sarki na uku ne, ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, waɗanda suka biyo shi suka ci gaba da ginin, har Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa shi a ƙarni na 15. Dattijon bai sake mu ba sai da ya nuna mana inda ganuwar take bi lokacin yana yaro. Yanzu shaguna ne a wurin. Minti goma muka yi, yaran na ta duban agogo, amma shi ne ya gaya mana mu bar titin kwalta mu yanke ta Wudilawa. Da jin sunan unguwar samarin suka yi murmushi, kamar sun ci karo da ɗan garinsu.

Gidan Makama yana kusa da fadar sarki, ta wajen Ƙofar Kudu. Ginin ƙasa ne mai kauri, da zane a jikin bango, a ciki kuwa sanyi kamar an buɗe randa. An ce don Rumfa aka gina shi tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463 ya gina Gidan Rumfa. Yau gidan tarihi ne. Da safen nan mu kaɗai ne baƙi, sai ma'aikata biyu da wani mai shara. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da kayan ɗakin amarya irin na da, da hotunan zuwan Turawa a 1903. Aikinmu a nan shi ne mu zana siffar bakan gizon da ke riƙe da rufin soro. Wani yaro da tun safe bai ce uffan ba shi ya karɓi biro, cikin minti uku ya gama, ya fitar da shi sarai. Ashe ɗan gidan magina ne.

Ƙofar Mata muka nufa da ƙafa, ta gaban babban masallacin Juma'a, muka bi ta gefen Asibitin Murtala. A nan gari ya cika. Masu jinya da kwanukan abinci, 'yan kura na tura kaya zuwa Kasuwar Rimi, masu lemo da ayaba sun cinye rabin hanya. Gudu ba ya yiwuwa. In ka yi sauri ka bar naka a baya, in ka waiwaya ka yi karo da baro. Muka koma tafiya a jere, kowa na kallon ƙeyar na gabansa.

Karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, fili ne mai ramuka jere-jere, bakin kowanne kamar na rijiya. Da yawa sun bushe, wasu an rufe su da murfin kaba, waɗanda ke aiki ba su kai rabi ba. Marinan da muka tarar ba su fi goma ba, yawancinsu manya, hannuwansu sun rine har gwiwa. Tambayar ita ce me ake zubawa a ramin. Wani ya lissafa mana: ruwa, baba, toka da katsi, a bar su kwanaki su nuna. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, muka gan shi kore-kore, kafin a jima iska ta buge shi ya koma shuɗi. Ya ce gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhunsa. Daga bayan katanga ana jin ƙarar mabuga, tim, tim, suna fitar da ƙyallin shadda. Na tambayi farashi. Ƙaramin ƙyalle mai ɗaurin zane naira 3,000, babban zane kuwa sai an zauna ciniki. Ya ce masu saye yanzu yawanci baƙi ne da Buzaye, 'yan gari sun koma atamfar kanti. A nan na fi so mu daɗe, kuma a nan yaran suka fi matsa mini mu tafi, don sun hango rukuni na biyu yana fita ta ƙofa.

Kurmi ita ce ta raba gardama. Kasuwa ce da aka kafa tun zamanin Rumfa, lokacin da ayarin raƙuma ke zuwa daga Agadas da Turabulus, kuma har yau lungunanta ba su fi faɗin mutum biyu ba. Rumfuna sun haɗe ta sama, rana ba ta sauka sosai. An ce mu sayo abu ɗaya na fata da bai wuce naira 1,000 ba, daga hannun wanda ya ɗinka shi. Muka shiga ta wajen masu turare da kayan yaji, muka faɗa layin 'yan littattafai inda ake sayar da allo da tawada da gafaka, muka ɓulla wajen masu sirdi da linzami. Sau biyu muna dawowa gaban mai kanwa guda. Babbanmu ya so a rabu biyu a nema, sauran suka tuna masa doka. Aka ce matambayi ba ya ɓata, amma a Kurmi sai ka san wanda za ka tambaya. Mai shago zai ce maka “nan gaba kaɗan” ya koma cinikinsa. Wani yaro mai tallan ruwa, da muka sayi leda huɗu a hannunsa naira 200, shi ya shige gaba ya kai mu har gaban wani baduku. Muka sayi ƙaramar zabira naira 800 bayan ciniki.

A bakin Jakara muka tsaya muka ci gurasa da ƙuli, naira 500 kowa. Ɗaya daga cikinmu takalminsa ya tsinke, mai gyara ya ɗinke shi a naira 200, mu uku muna tsaye a kansa. Babu wanda ya yi ƙorafi.

Daga nan Dala na gabanka, ja, mai shimfiɗaɗɗen kai, gidaje sun matso har gindinsa. Matakalar siminti ce ake bi, ta ɗan haura taki 100, wasu sun farfashe. Yara na wasa a kanta, suna bin baƙo ko zai ba su wani abu. Sama fili ne, iska na kaɗawa. Nan ne mazaunin Barbushe da Tsumburbura kafin Musulunci ya kafu, kuma daga nan Bature matafiyi Heinrich Barth ya zana hoton birnin a 1851. Ana hango Goron Dutse ta yamma, da hasumiyoyin masallacin Juma'a, da rufin kwano iya ganinka cikin ƙurar hunturu. Na nemi ganuwa da ido na daɗe ban same ta ba, sai guntaye can da can, kamar haƙoran tsoho. Gefen dutsen kansa ruwa na zaizaye shi, ga shara an zubar a wasu wurare. Abin ya dame ni ƙwarai. Wuri irin wannan ya cancanci mai gadi da kwandon shara da allon bayani, kuma ba kuɗi mai yawa hakan zai ci ba.

Mun tarar da rukuni ɗaya zaune suna jiranmu, sun riga mu da kusan rabin sa'a. Ba su fi mu ƙarfi ba, a cikinsu ma har da mai ɗingishi. Sirrinsu wani yaro ne da ya yi almajirci shekara huɗu a unguwar Madabo, ya san kowane lungu tsakanin Kurmi da Dala, ya kuma san wanda ake gaisarwa a kowace ƙofa. Rukuni na uku, wanda ya fi kowa 'yan ƙwallo, sai bayan azahar ya iso. Sun yi ta hawa adaidaita sahu don sauri, cunkoso ya riƙe su a Ƙofar Wambai, kuɗinsu ya kusa ƙarewa, sai da aka haɗa musu na mota. Babu kofi, babu kyauta. Waɗanda suka zo ƙarshe su ke sayen shayin dare a Utai.

Da muka lissafa, naira 1,600 ta rage mana bayan an ware kuɗin komawa. Mun isa Wudil ana kiran magariba, masu soya kifi sun kunna fitilu a bakin gada.

Mai son gwadawa ya fito da sassafe, ya sa takalmin da ya saba da ƙafarsa, ya riƙe canji ƙanana. Ya kauce wa Juma'a, domin hanyar Wudil takan cushe da motocin shanu, kewayen masallacin birni kuma ba ya ratsuwa. In ya isa Ƙofar Mata ya sayi ko ƙyalle ɗaya a hannun marina kafin ya wuce.