Garin Neman Gira Muka Kusa Rasa Ido

Makalar wannan makon labarin wani kuskure ne da muka tafka a ɗan shagonmu na ɗaukar hoto.

Muna cikin kwashe hotunan wani biki daga katin kyamara zuwa hadis ɗinmu na waje, sai aka ɗauke wuta. Kwamfutar tebur ce, ba UPS. Da wuta ta dawo muka buɗe folda, wayam. Katin ma babu komai, domin yankewa muka yi, ba kwafi ba. Ga uwar amarya ta ce jibi za ta aiko a karɓa.

Cikin ruɗewa muka saki chkdsk /f a kan hadis ɗin. Ya gama, ya ce ya gyara. Abin da ya bar mana shi ne wata ɓoyayyiyar folda, FOUND.000, cike da gutsattsari masu suna irin FILE0000.CHK. Washegari kuma muka ɗauki hotunan wani suna da katin nan.

Sai daga baya wani abokin sana'a ya fahimtar da mu. Faifai kamar shago ne da littafin lissafinsa. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, galibi littafin ne ke rikicewa, kayan suna nan. NTFS da ext4 suna ajiye bayanin aikin da suke ciki, shi ya sa sukan farfaɗo da kansu. FAT32 da exFAT, waɗanda aka fi samu a kati da filasha, ba su da wannan. Shi kuwa chkdsk littafin yake daidaitawa, bai damu da hotunanka ba. Fayil ɗin da aka goge yana nan har sai an rubuta wani a kansa, kuma abin da muka yi wa katin ke nan da hannunmu.

Abokin namu ya fara da sauraron hadis ɗin. Da ya ji ƙas-ƙas, in ji shi, da sai a kashe shi nan take, matsalar ƙarfe ce. Da bai ji ba, ya ɗauki kwafin faifan gaba ɗaya da ddrescue, sannan ya saki PhotoRec a kan kwafin. Wannan manhajar ba ta duba littafi, alamar farkon kowane fayil take bi, don haka hotunan suka dawo ba sunayensu. Kwana muka yi muna tantancewa.

Mafi yawa sun dawo. Na ɗaurin aure, waɗanda ba su kai ga barin katin ba, sun tafi. Mu muka je da ƙafarmu muka ba uwar amarya haƙuri, kuma har yau muna jin nauyinta.

Yanzu kwafi muke yi, a wuri biyu, kafin a goge kati. In abu ya ɓace, mukan cire hannu tukuna, sai mun gane me ya lalace. Masu SSD ku ƙara kula, TRIM kan share abin da aka goge da wuri.

Allah ya tsare mu da asara. Ku fa, me ya taɓa faruwa da ku?