Baƙi Huɗu A Gidan Ƙwallon Kwando

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Kansas. Ƙasar noma ce, shimfiɗaɗɗiya, alkama ce babban amfanin gonarta. Wajen gabashin jihar akwai wani gari mai suna Lawrence, kimanin mil 40 yamma da Birnin Kansas. Garin ba shi da girma ƙwarai, amma a bisa wani tudu a cikinsa ne aka gina Jami'ar Kansas. A gindin tudun kuwa akwai wani babban zaure na farin dutse, wanda duk mai son ƙwallon kwando a Amurka ya san sunansa. Ana ce da shi Allen Fieldhouse, watau Zauren Allen. Labarin wannan zaure muke so mu ba ku a wannan wata.

Mu huɗu ne muka tafi: mu biyu iyaye, da ɗanmu wanda yake koyarwa a wata ƙaramar kwaleji, da jikanmu ɗan shekara goma. 'Yan wasan kwalejin ɗanmu ne aka gayyata su zo su kara da masu gida. Saboda haka ba a matsayin masu goyon bayan Kansas muka shiga ba. Mu ne baƙi, mu ne kuma abokan hamayya.

Yadda Zauren Yake

An buɗe wannan zaure ran 1 ga Maris, 1955. A ranar mutum 17,228 suka shiga. Shekaru da yawa yana ɗaukar mutum 16,300, amma bayan gyaran da aka yi a 2024 aka rage wuraren zama suka koma 15,300. Daga waje sai ka ce babban sito ne ko rumbun gwamnati. Ba shi da ƙyale-ƙyale irin na sababbin gine-gine. Can sama kusa da rufi akwai tagogi a jere, hasken rana yakan shigo ta nan idan da rana ake wasa.

A gaban ƙofa akwai mutum-mutumin Forrest Allen, wanda aka sa wa zauren sunansa. Shi ya koyar da 'yan wasan Kansas har shekara 39. Laƙabinsa "Phog", gama an ce muryarsa tana da kauri kamar ƙahon da jiragen ruwa suke busawa cikin hazo. A ciki, can sama, an rataye wani dogon ƙyalle mai gargaɗi ga duk mai shigowa, cewa ya yi hankali da Phog. Ɗanmu ya fassara mana, muka yi dariya, amma jikanmu bai yi ba. Ya dubi rigarsa mai launin kwalejin ubansa, ya dubi jama'a, ya ga kowa cikin shuɗi da ja. Sai ya ja zif ɗin rigar sanyinsa har wuya don kada a gani.

Wuraren zama sun gangaro daga sama har bakin daɓen wasa, kamar gefen kwano. Da yawa daga cikinsu dogayen bencina ne, mutane suna zama kafaɗa da kafaɗa. A watan Disamba muka je, sanyi a waje yana yanka kunne, amma kafin a yi nisa da wasa kowa ya tuɓe rigar sanyi saboda ɗumin jama'a. In ka ɗaga kai za ka ga tutoci na shekarun da suka zama zakarun kwalejojin Amurka duka: 1952, 1988, 2008, da 2022. Akwai kuma rigunan shahararrun 'yan wasansu. A cikinsu akwai lamba 13 ta Wilt Chamberlain, wanda a wani wasa a wannan zaure a 1956 ya ci maki 52 shi kaɗai. 'Yan Afirka ma sun yi wasa a wannan daɓe. Joel Embiid na Kamaru ya yi a 2013 zuwa 2014, Udoka Azubuike na Nijeriya kuma daga 2016 zuwa 2020.

Kukan Gidansu

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, ba mu taɓa jin kukan gida irin wannan ba. Ɗalibai ne suke cika bayan kwanduna biyu. Idan babban wasa ne, sukan kasu ƙungiya ƙungiya, su yi kwanaki suna karɓa-karɓar tsaron layi a farfajiyar zauren, domin su sami wurin zama na gaba. Ba su zauna ba tun daga farko har ƙarshe.

Kafin a fara, dukan jama'a suka miƙe, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, suka rera waƙar makarantarsu. Bayan wannan suka ja wani kirari a hankali, da murya ƙasa ƙasa, kamar waƙar sujada a tsohuwar majami'a, sa'an nan suka ƙarasa shi da sauri da ƙarfi. Tsigar jikinmu ta tashi. Da aka zo kiran sunayen 'yan wasanmu, sai ɗaliban suka buɗe jaridu suka rufe fuskokinsu, wai karatu suke yi, ba su san da zuwan kowa ba. Da aka kira nasu kuwa, sai suka watsa yagaggun jaridun sama, takardu suka yi ta zubowa kamar fari.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum biyar biyar ne a kowane gefe. Daɓen yana da tsawon ƙafa 94, faɗi ƙafa 50. Kwandon yana sama da ƙasa ƙafa 10. A wasan kwaleji na maza ana yin minti 20, a huta, a ƙara 20. Idan aka yi wa ɗan wasa laifi, sau da yawa akan ba shi jifa ta kyauta, ba mai tare shi. Amma a Zauren Allen wannan jifa ba kyauta ba ce ga baƙo, gama ɗalibai dubbai suna bayan kwandon suna ihu suna kaɗa hannuwa a idonsa. Ɗan wasan da ya yi laifi biyar dole ya fita. Sa'ad da wannan ya sami wani yaronmu, dukan zauren suka ɗaga hannuwa sama suna karkaɗa su hagu da dama, kamar alkama cikin iska. Sallamar da suke yi wa baƙo ke nan.

Batun ƙara kuwa, gani ya kori ji. Ran 13 ga Fabrairu, 2017, masu littafin Guinness suka auna ihun jama'a a wannan zaure, ya kai desibel 130.4. A lokacin ba a taɓa auna ihu mai ƙarfin wannan a wasan cikin ɗaki ba. Namu daren bai kai haka ba, duk da haka sai mun sa baki a kunne kafin mu ji juna. Wannan ƙara tana da amfani ga masu gida. Ɗan wasa baƙo ba ya jin umarnin malaminsa, zuciyarsa takan raunana. Daga 2007 zuwa 2011 Kansas ta yi wasa 69 a jere a gida ba a cinye ta ko sau ɗaya ba.

Mu ma ba mu tsira ba. Yaranmu sun yi ƙoƙari a farkon wasa, har suka wuce gaba na ɗan lokaci. Muka tashi muka tafa, mu da 'yan tsirarun iyayen da aka zaunar a bayan bencin baƙi. Tafinmu kamar an jefa tsakuwa a kogi. Bayan hutu masu gida suka tsere mana, ba mu ƙara kamo su ba. Saura minti biyu, jama'a suka sake jan wannan kirari a hankali, alamar magana ta ƙare. Muka duba, jikanmu ya sunkuyar da kai, hawaye yana zuba.

Wani dattijo mai shuɗiyar hula yana zaune a bayanmu tare da matarsa. Tun farko shi ne ya fi kowa ihu a kunnenmu. Sai ga shi ya sunkuyo ya taɓa kafaɗar yaron ya ce, "Yaro, buɗe rigarka mu ga launin makarantarku. Yaranku sun yi wasa mai tsabta. Ni shekara arba'in ina zuwa nan, na ga manya sun zo sun rikice fiye da haka." Ya juyo wajenmu ya tambayi daga ina muka fito. Da muka faɗa, ya ce, "Sannunku da hanya. Kada ku tafi sai kun kai shi ya ga takardun."

Takardu Biyu

Takardun da yake nufi suna cikin wani gini da aka haɗa da zauren, mai suna DeBruce Center, wanda aka buɗe a 2016. Washegari da safe muka koma. A cikin wani akwatin gilashi akwai takardu biyu da aka buga da tafireta, ɗauke da dokoki 13. Su ne dokokin ƙwallon kwando na farko a duniya. A 2010 wani tsohon ɗalibin jami'ar, David Booth, ya saye su a kan dala miliyan 4.3, ya kawo su nan.

Wanda ya rubuta su shi ne James Naismith. An haife shi a Kanada a 1861. Yana ɗan shekara tara uwa da uba suka rasu da zazzaɓin taifot, dangi suka goye shi. Ya yi karatun tauhidi a Montreal, amma ya ga zai fi taimakon samari a filin wasa fiye da kan bagadi. A Disamba 1891 yana koyarwa a makarantar ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA a Springfield. Sanyi ya hana fita waje, ɗalibai sun gaji da zama, sun fara fitina. Aka ce ya nemo musu wasan cikin ɗaki. Ya lura cewa a wasannin da ake gudu da ƙwallo a hannu, nan ake ture-ture da jin rauni. Saboda haka ya hana gudu da ƙwallo. Ya kuma ɗaga wurin ci sama da kan mutane, domin a ci da gwaninta, ba da ƙarfin tsiya ba. Ya kafa kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu a jikin baranda. Ɗaya daga cikin dokokin nan 13 ta hana bangaza, da riƙo, da turi, da taɗiya, da duka.

A 1898 ya zo Kansas domin ya lura da sujadar ɗalibai ya kuma koyar da wasannin motsa jiki. Shi ya kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar, ya bi da ita har 1907. Ga abin mamaki. A cikin wannan lokaci ya ci wasa 55, aka cinye shi 60. A cikin dukan waɗanda suka riƙe wannan ƙungiya, shi kaɗai ne faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa. Duk da haka daɓen da ake wasa a kai sunansa yake ɗauke da shi, haka kuma titin da ya wuce ta gaban zauren. Kabarinsa yana nan a Lawrence, inda ya rasu a 1939.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a tuna da shi. A zamaninsa ba a yarda baƙar fata ya shiga ƙungiyar jami'ar ba. Wani saurayi baƙar fata, John McLendon, ya zo karatu a Kansas, Naismith ya jawo shi a jiki ya koya masa sirrin wasan. McLendon ya gama a 1936, ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman ƙwallon kwando na Amurka.

Muka karanta wa jikanmu lissafin nan, 55 da 60. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kaka, ashe shi ma an sha cinye shi?" Muka ce ƙwarai kuwa. A waje akwai mutum-mutumin Naismith a zaune, da ƙwallo da kwanduna. Yaron ya buɗe rigar sanyinsa, launin kwalejin ubansa a fili, ya zauna kusa da shi aka ɗauke su hoto.

Abin Da Muka Ɗauko

In wani a cikinku ya sami hanyar zuwa, ga shawararmu. A nemi tikiti tun da wuri, gama wurin yakan cika. A isa da awa ɗaya ko fiye kafin a fara, domin a ga tutoci da waƙar buɗewa. A sa tufafin da za a iya ragewa. Mai ƙaramin yaro ya riƙe masa abin toshe kunne. Baƙo kuma ya shiga da sanin cewa da wuya ya fita da nasara.

Amma yawancinmu ba za mu je Kansas ba. Filin makarantar garinmu za mu je, ko na unguwa, inda yaranmu suke karɓar baƙi daga wani gari. Mun san yadda irin wannan wasa yakan ƙare wani lokaci: a jefi motar baƙi, a bi alƙalin wasa da gudu, ƙauyuka biyu su yi shekara ba sa ga maciji. A daren nan mun ga mutum dubu goma sha biyar sun yi iyakar ƙoƙarinsu su firgita yara goma sha biyu da murya, amma ba wanda ya jefe mu, ba wanda ya tare mana hanya. Da aka hura usur na ƙarshe 'yan wasa suka jeru suka gaisa, mu kuma muka fita cikin jama'a lafiya.

Iyaye, yaro yana koyon wannan a wurinmu ne. Idan ƙungiyarsa tana gida, mu bar shi ya yi ihu iyakar ƙarfinsa, amma mu nuna masa inda ihu yake tsayawa, mu aike shi ya kai wa baƙi ruwa. Idan shi ne baƙo, kada ya ɓoye rigarsa don su kaɗan ne. Idan aka cinye su kuwa, ku ba shi labarin maraya ɗan Kanada wanda ya ƙago wasan da hannunsa, aka cinye shi sau 60, har yau kuwa ana wasa a kan daɓe mai sunansa.