Sayen Nagari a Bakin Iyaka: Abin da Na Koyo a Jibiya

Tsakanin birnin Katsina da Jibiya bai kai kilomita 50 ba, amma wanda ya saba bin hanyar ya san da shingayen jami'an tsaro ake lissafa ta. Na bi ta kwanakin baya saboda kiran yayata da ke aure a can. 'Yarta za ta zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta, ga shi yarinyar ba ta taɓa danna madannai na tsawon sa'a guda ba. Mahaifinta, malamin firamare, ya samo mata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda wasu haruffanta suka mutu. Uwar kuwa ta kwashi adashe ta ce a sayo rauta, wato na'urar nan da ake sa wa layin waya ta rarraba intanet a cikin gida, a haɗa da allon madannai da linzami. Ni aka ɗora wa alhakin zaɓe, wai don ni ne ɗan birni.

Jibiya gari ne da ya dogara da iyaka. A Magama ake buga takardun fita, daga nan sai Ɗan Issa a Jamhuriyar Nijar, sai Maraɗi. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufewa har zuwa Maris na 2024. Duk da haka kaya ba su daina haɗuwa a nan daga fuskoki biyu ba: wasu daga Legas da kasuwar Farm Centre ta Kano, wasu daga Maraɗi. A teburi ɗaya za ka ga caja da kebul da filashi da linzami, ana yi maka farashi da naira, in ka so a juya maka shi zuwa sefa.

Farkon abin da ya ɗauki hankalina wani allon madannai ne sabo dal, a kusan rabin kuɗin da na sani a Katsina. Har na zura hannu aljihu sai na lura layin haruffansa na sama ya fara da A da Z. Tsarin Faransa ne, wanda ake aiki da shi a Nijar, alhali na ɗakunan jarrabawarmu da Q da W yake farawa. Da yarinyar ta yi wata uku tana koyo da shi, da ranar jarrabawa yatsunta sun yi ta lalube. Cajar da ke gefensa ma haƙoranta biyu ne masu zagaye, irin na can, namu kuwa uku ne masu kusurwa. Ba jabu ba ne ko ɗaya, kayan kirki ne da aka yi wa wata ƙasa. Filashin ne dai na ce a zuba masa fayiloli a gabana har ya cika, domin akan sami wanda adadin da aka rubuta a jikinsa ya ninka abin da yake iya riƙewa.

Da muka zo kan rauta, mai shagon ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya babba ce mai ƙahoni huɗu, an rubuta 5G ɓaro-ɓaro a kwalinta, kuma ita ce mai araha. Ɗayar ƙarama ce, ta 4G, mai batir a cikinta, ta fi tsada. Zuciyata ta karkata ga babbar. Wani dattijo mai gyaran waya da ke zaune a bakin shagon ya dube ni ya ce, "Malam, a ina za a kunna ta?" Na gaya masa unguwar. Ya ce, "To, ka fara tambayar gidan kafin ka tambayi kwali. Wane layi ke kamawa a ɗakin? Awa nawa suke samun wuta? Sannan ita na'urar, a buɗe take ko a kulle?"

Waɗannan tambayoyi uku su ne dukan ilimin zaɓen rauta, kuma ban taɓa jin wani mai talla ya yi su ba. Rauta ba ta ƙirƙirar sabis, wanda ta tarar take rabawa. MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, a manyan birane, don haka rubutun kwali ba ya amfanar wanda turken da ke kusa da gidansa bai san da zancen ba. Babbar rauta kuma tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, sai in an tanadar mata batir ko sola, wanda ƙarin kuɗi ne. Game da kulle kuwa, kamfanoni kan sayar da nasu na'urorin da rahusa saboda ba sa karɓar layin kowa sai nasu. A bakin iyaka abin ya fi rikitarwa: a wannan gefe akwai MTN da Airtel da Glo, a wancan akwai Airtel na Nijar da Moov da Zamani, kuma iska ba ta san shinge ba. Na'urar da aka bari ta zaɓi sabis da kanta tana iya kama na ƙetare, a caje ka kuɗin baƙo kana zaune a tsakar gidanka.

Muka yi sharaɗi da mai shagon cewa zan tafi da duka biyun in gwada, wadda ba ta yi ba in dawo da ita kafin magariba. A gida babbar ta ƙi karɓar layukanmu gaba ɗaya, ashe a kulle take da wani kamfani na ƙetare. Ƙaramar ta karɓi kowanne, muka bi su ɗaya bayan ɗaya har muka gane wanda ya fi ƙarfi, shi ma sai an ɗora ta a kan tagar gabas. Yayata ta ƙirga canjin da ya rage, bai kai yadda ta so ba. Na ce mata, "Yaya, sayen nagari mayar da kuɗi gida." Ta ce, "Na ji, amma wa zai riƙa sayen datar?" Tambayarta tana kan hanya, domin rauta sau ɗaya ake sayenta, data kuwa kowane wata, ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Na ɗauki wannan nauyi har zuwa ranar jarrabawa.

Mijinta ya tuna mini abin da ya fi wannan nauyi. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Jibiya, aka yi watanni ba kira ba saƙo. A irin wannan lokaci babu rautar da ke da amfani, mai tsada ko mai araha. Ɗalibin Jibiya da na Abuja tambayoyi iri ɗaya ake yi musu a kan kwamfuta iri ɗaya. Hukumomin da suka mayar da jarrabawa da neman gurbin karatu kan intanet, wajibinsu ne su tabbata sabis da wuta sun isa garuruwan iyaka, kuma sun ɗore.

Da zan taho, yarinyar tana zaune a ƙarƙashin tagar, tana neman haruffa da yatsa ɗaya. Ta ɗago ta ce, "Kawu, ina ƙ da ɗ suke? Ban gan su ba." Na ce babu su a allon Ingila, babu a na Faransa, sai an sauko da wata manhaja. Na yi mata alkawarin in na dawo za mu sa su.