A Ingila Mutum Ke Mantawa, a Tozai Gari Ke Tunawa

Akwai wani fim na Amurka da ya fito a watan Maris na 2004, wanda har yau mutanen Ingila ba su gama musu a kansa ba. Sunansa Eternal Sunshine of the Spotless Mind. Bafaranshe Michel Gondry ne ya ba da umarni, Charlie Kaufman ya tsara labarin, kuma rubutun ya ci kyautar Oscar a 2005. Ƙananan gidajen sinima masu maimaita tsofaffin finafinai sukan dawo da shi, musamman a watan Fabrairu lokacin bikin masoya na nan, a tashi ana ta gardama. Ni mutumin Tozai ne, a ƙasar Isa ta gabashin Sakkwato, neman ilimi da abinci ya zaunar da ni a wannan ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tambayar da suke yi wa juna ba tare da jin nauyi ba: da akwai injin da zai goge maka wadda ka so daga cikin kanka, za ka je? Ban taɓa jin an yi wa wani irin wannan tambaya a gida ba, kuma rashin yin ta yana da dalili.

Labarin na wasu masoya ne biyu, Joel da Clementine, waɗanda Jim Carrey da Kate Winslet suka fito a matsayinsu. Bayan zama ya yi tsami, sai Clementine ta je wani kamfani mai suna Lacuna aka share mata Joel daga ƙwaƙwalwa. Da ya gano, haushi ya kai shi wurin shi ma. Aka ce ya tattaro duk abin da ke tuna masa da ita, hotuna da wasiƙu da kyaututtuka, ya kawo a cikin jaka. Da dare yana barci ma'aikata suka ɗora masa injin, suka fara gogewa daga faɗan ƙarshe suna komawa baya. Daga nan fim ɗin ya shiga cikin kansa: fuskoki suna shafewa, littattafai suna zama farar takarda, wani gida a bakin teku a Montauk yana rushewa yana tsaye a ciki. Da gogewar ta iso kwanakin daɗi sai ya yi nadama, ya riƙa jan ta yana ɓoye ta a cikin tunanin ƙuruciyarsa, amma injin ya bi su har can. Gari ya waye bai san ta ba. Suka sake haɗuwa a jirgin ƙasa a matsayin baƙi, suka sake son juna, sannan kaset ɗin da kowannensu ya zayyana aibin ɗan'uwansa ya faɗo hannunsu. Suka saurara, suka ji zafi, suka yarda su sake gwadawa.

Ra'ayoyin da nake ji a nan sun kasu uku. Wasu sun ce ƙarshen farin ciki ne, so ya fi ƙarfin inji. Wasu sun ce babu abin tausayi kamarsa, domin mutanen da suka goge darasin da suka koya za su sake faɗawa ramin da suka fito. Kashi na uku, waɗanda yawancinsu sun sha wuya a hannun miji ko saurayi, suna ganin fim ɗin bai yi wa mai neman mantuwa adalci ba, domin akwai tunanin da ba darasi a cikinsa sai azaba. Duk da wannan saɓani, sun haɗu a kan abu guda da ba sa ma lura da shi: tunanin mutum mallakarsa ne shi kaɗai, in ya ga dama ya ajiye, in ya ga dama ya zubar.

Haka kuwa rayuwarsu take. Idan aka rabu a nan, akan kwashe kayan wancan a kai shagon sadaka, a goge hotuna, a toshe lamba, a sauya gida, wani lokaci har gari. Tun 2015 Facebook ya fito da tsarin da zai rage maka ganin tsohon masoyi ba tare da ya sani ba. A Zagreb ta ƙasar Kuroshiya akwai gidan tarihi sukutum na soyayyar da ta watse, wanda Olinka Vištica da Dražen Grubišić suka kafa bayan tasu rabuwar, ya samu mazauni na dindindin a 2010, mutane daga ko'ina suna aika masa da kayan da suka kasa riƙewa kuma suka kasa jefarwa. Masana ma sun shiga ciki. A shekarar 2000 Karim Nader da abokan aikinsa suka nuna a jikin ɓeraye cewa duk lokacin da aka tuno abu, tunanin yakan yi laushi kafin ya sake daskarewa. A kan wannan ne Alain Brunet, lokacin yana Jami'ar McGill a Kanada, ya gina hanyar jinyarsa, inda ake ba mutum propranolol, maganin hawan jini, sannan ya karanta labarin abin da ya same shi. Abin bai fita daga kai ba, zafinsa ne ake neman ragewa.

A fim ɗin akwai wani ɗan abu da ya fi komai nuna mini bambancinmu. Kamfanin yakan aika wa abokan wanda aka goge wa tunani da kati, a roƙe su kada su sake ambaton wance a gabansa. Kati kaɗan sun wadatar, domin mutum kaɗan ne suka san zaman. A Tozai wa za ka aika wa? Waliyyin da ya ba da aure, limamin da ya ɗaura, maroƙin da ya yi shela, gwaggon da ta yi jere, ƙawayen da suka raka amarya, yaran da suka ci alewar ɗaurin aure, duk sai an bi su. Sau da yawa ma auren na zumunci ne, wanda ya sake ki ɗan kawunki ne, za ku haɗu a suna da biki da zaman makoki har ƙarshen rayuwa. Tunanin aure a wurinmu kamar rijiyar unguwa yake, kowa yana da guga a ciki, ba mai ikon cike ta shi kaɗai.

Saboda haka ba mu nemi hanyar gogewa ba, sai muka bi hanyar ba wa baƙin ciki wa'adi da iyaka. Wadda aka saka tana idda, tsarki uku, ko har ta haihu in tana da ciki. A cikin wannan lokaci ƙofar kome a buɗe take idan sakin bai cika uku ba, manya suna shiga suna fita, ana biko, ana ba da baki. Sai abin ya gagara ne danginta za su zo da mota su kwashe gado da katifa da kwanuka, kuma kayan nan ba a zubar da su, da su za ta shiga wani ɗakin. Wadda mijinta ya rasu tana takaba wata 4 da kwana 10, ana sadakar uku da bakwai da arba'in, jama'a suna zuwa suna zama tare da ita. Malamai kan tunatar cewa ayoyin saki na Suratul Baƙara sun hori masu rabuwa su riƙe alherin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Ingila ma ta ga amfanin jinkiri: dokar saki da ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu 2022 ta sa a jira mako 20 kafin hukuncin farko, da wasu mako 6 kafin na ƙarshe. Sai dai nasu jiran na takarda ne tsakanin mutum biyu da kotu, namu kuwa dangi biyu ne ke yin sa.

Muna kuma da tamu hanyar ajiye wanda aka rasa. Matar da ta yi shekaru ba ta furta sunan mijinta saboda kunya, idan ya rasu aka sa wa jika sunansa, sai ta riƙa kiran yaron maigida ko angona, tana tsokanarsa cewa bai kawo cefane ba. Masu jin haka suna dariya, amma ita ta san da wa take magana. Ko soyayyar da ba ta kai ga aure ba, Bahaushe bai ce a binne ta ba, cewa ya yi da tsohuwar zuma ake magani. Zawarawa da yawa sun koma hannun saurayin farko bayan shekaru.

Mantuwa irin ta fim ɗin kuwa, wadda mutum zai kalli masoyinsa bai gane shi ba, mun san ta, amma a matsayin mugunta. Idan miji ya juya wa matarsa baya dare ɗaya, sai a ce farraƙu aka yi musu. Idan mutum ya bar gari ya shiga duniya bai ƙara waiwayar gida ba, sai a ce kurciya aka yi masa. Ko mutum ya yarda da wannan ko ya ɗauke shi camfi, abin da ke ƙarƙashinsa a fili yake: a tunaninmu, maƙiyi ne ke sa ka manta da naka, ba kai ke biyan kuɗi a yi maka ba. Finafinan Indiya da muka tashi da su ma a nan suka tsaya. A Sadma na 1983, Sridevi ta warke ta manta da Kamal Haasan wanda ya yi jinyarta, ya bi ta tashar jirgi yana ƙoƙarin tuna mata, ta ɗauke shi mahaukaci. A Ghajini na 2008, Aamir Khan yana rubuta abubuwa a jikinsa don kada wadda aka kashe masa ta ɓace masa. A duka biyun mantuwa musiba ce, tunawa kuma amana.

A ganina hanyarmu ta fi kusa da gaskiyar ɗan Adam, kuma fim ɗin kansa can ya karkata, tunda ya nuna wanda aka cire wa ciwon an haɗa da abin da ya sa shi ya zama mutum. Amma akwai bashin da ke kanmu, kuma a nan ne na ga Turawa sun fi mu. Su suna magana. Mutum zai zauna gaban likitan ƙwaƙwalwa ko aboki ya faɗi abin da ke cin sa, ba wanda zai ce ya yi raki. Mu kuwa mun ajiye tunanin, mun hana bakin. Yarinya tana kuka, inna za ta ce, “Ki yi hanƙuri ɗiyata, ba kanki farau ba.” Saurayi ya rame, baffa zai ce, “Kai ɗan nan, mata sun ƙare ne?” Wanda ya ƙara tayar da zancen a ce masa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Haƙuri gaskiya ne, amma sau da yawa muna amfani da shi don mu huta da sauraro. Garin da ke tuna miki mijinki kuma shi ne ke tuna miki sau nawa aka sake ki, yana ƙirga wa bazawara aurenta a gaban duk mai neman ta.

Yau wannan magana ta wuce ta saki da yaji. Gabashin Sakkwato ya shafe shekaru a hannun 'yan bindiga. A watan Disamba na 2021 an ƙone motar matafiya daga ƙasar Sabon Birni a kusa da Gidan Bawa, sama da mutum 20 suka rasu. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu aka zaunar da su a Garin Kaka da Chadakori, wasu suka watsu cikin Isa da Sabon Birni da birnin Sakkwato. Masoyin da ake rasawa yanzu a gona aka harbe shi, ko daji aka shiga da shi. Akwai matan da ba su san takaba za su yi ko jira ba. Gidan da Turawa ke kallo yana rushewa a allo suna yaba gwanintar mai ɗaukar hoto, mutumin ƙasarmu ya san shi da ido, kufai ake kiransa. Kuma idan ƙauye ya watse, waɗanda ke riƙe wa mace tunanin mijinta sun watse: limamin yana wani sansani, ƙawayen suna wata ƙasa, ba wanda ya san shi a inda ta sauka balle ya ce Allah ya jiƙan wane, mutumin kirki ne. An bar ta da zafin ita kaɗai kamar Baturiya, ba tare da likitan da Baturiya ke da shi ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, kusa da birnin Sakkwato, tafiya mai nisa a kan hanyar da ba kowa ke iya bi ba.

Gobirawa ba baƙin rashi ba ne. Alƙalawa, babban birninsu, ta faɗi a 1808, amma sama da shekara 200 bayan haka tana nan a kirari, a zanen fuska, a sarautun Sabon Birni da Tsibiri, domin an samu masu faɗa da masu saurare. Wannan aikin ne ke gabanmu a kan mutanen da ba sarakuna ba. Kowane ƙauye da ya tashi yana buƙatar a rubuta sunayen mutanensa da suka rasu da waɗanda suka ɓace, a naɗi muryoyin tsofaffinsa ko da a waya ne, kuma mu da ke waje muna da halin ɗaukar nauyin wannan. Malaman Islamiyya da ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda mata suka riga suka amince da su, a koya musu yadda ake sauraren mai baƙin ciki da yadda ake gane wanda ke buƙatar likita. Mu kuma sauran, idan muka je gaisuwa, mu daina gaggawar rufe bakin mai kuka. Mu zauna ta gaya mana ko shi wane ne, ta faɗa har ta gama, sannan mu ba ta haƙuri.